DARASI: KULA DA BORIS NA AMALANKE A BAKIN RUWA

A shekarar 1968 aka gama gina madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Neja ya taru ya zama babban tafki, ya kai har Yauri. Tun daga nan mutanen Yauri da Ngaski da Shanga suke zaune da ruwa mai cika da janyewa. Idan ya janye, jirage ba sa isowa kusa da gari. Sai amalanke ta bi laka, ta shiga ruwa, ta kwaso kifi da albasa da shinkafa. Wannan shiga ruwan ne yake kashe boris.

Mene ne boris?

Boris ƙananan ƙarfuna ne da ke cikin cibiyar taya. Su ne suke sa taya ta juya a kan bakin aksil ba tare da gurza ba. Yawanci taya irin ta mota tana da boris biyu, na ciki da na waje. Abincinsu giris ne. A bayansu akwai roba mai tare ruwa da yashi.

Idan robar ta tsufa, ruwa yana shiga. Giris ya tsinke ya koma fari. Tsatsa ta kama boris, yashi ya cinye shi. Daga nan sai ya ci bakin aksil. Boris yana da araha, amma aksil yana da tsada. Kuma taya tana iya ficewa a hanya, kaya su zube, shanu ko yara su ji rauni.

Alamomin lalacewa

1. Taya tana ƙara idan tana juyawa.
2. Tana lilo idan an girgiza ta.
3. Cibiyarta tana zafi bayan tafiya.
4. Giris ya yi fari ko ya yi ja.

Yadda ake gyara

1. A sauke kaya, a kwance shanu, a tare ɗayar tayar da dutse.
2. A ɗaga amalanke, a tokare ta da kututture mai ƙarfi.
3. A cire murfi da ƙusar da ke riƙe noti, sannan a kwance noti.
4. A zare taya, a wanke boris da kananzir, a bar shi ya bushe a kan tsumma mai tsabta.
5. A shafa bakin aksil da yatsa. In akwai kaushi ko rami, a kai wa makanike.
6. In boris ya yi tsatsa, a sake sabo. Roba ma a sa sabuwa.
7. A cusa giris cikin boris sosai. Baƙin mai ba ya maye gurbin giris.
8. A ɗaure noti ana juya taya, sannan a sassauta shi kaɗan, a mai da ƙusa da murfi.

A yi wannan aiki kafin damina da kuma bayanta. Kada a bar ruwa ya kai cibiyar taya. Gara a tsaya a gaɓa a ɗauko kayan a ka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin boris?
2. Me yake sa giris ya yi fari?
3. Don me ake sassauta noti?