Bado a tsakar gida

Darasi na 18: Sanin tsirrai

1. Saƙo daga gida

Aras unguwa ce a Tireshbil, cikin birnin Abijan, a ƙasar Kwadibuwa. Tireshbil tana bisa tsibiri. Wanda zai tafi kasuwar Ajame daga nan, sai ya ƙetare gada. Hausawa da yawa suna zaune a waɗannan unguwanni. Wasu suna saida albasa, wasu goro, wasu gasasshen nama, wasu kuma garba, wato acake da soyayyen kifi.

A wani gidan haya na Aras akwai wani tsoho mai saida albasa. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, daga wani ƙauye kusa da tabkin Madarumfa. Yana zaune da ɗansa da jikokinsa biyu, mace da namiji. A Abijan aka haifi yaran. Ba su taɓa ganin ƙauyensu ba.

Ran nan da marece Kaka ya komo daga Ajame da ɗan ƙunshi a hannu. Direban motar albasa ne ya kawo masa daga gida. Ya kwance ƙunshin. Sai ga wasu abubuwa uku baƙaƙe, kamar ƙananan dankali, da busasshiyar laka a jikinsu.

— Kaka, mene ne wannan? in ji yarinyar. Dankali ne ya lalace?

— Haba amarya! Ashe ba ki san abincin gidan mijinki ba? Wannan saiwar bado ce. A shekarar 1984, ina saurayi, damana ta ƙi. Rumbuna suka ƙare. Mata suka riƙa shiga tabki suna tono wannan saiwa, suna tsinko ƴaƴan bado. Da su muka ga bayan yunwa. Ina so in dasa shi nan, ku san shi.

Wata maƙwabciya tana wanki kusa da su, ɗanta yana rarrafe. Ta ɗago kai ta ce:

— Baba, ka yi haƙuri. Ruwa za ka tara mana a tsakar gida? Ga sauro, ga yarona bai san wuta ba, bai san ruwa ba.

Kaka ya yi shiru. Can ya ce:

— Gaskiyarki, ɗiyata. Rigakafi ya fi magani. Ba zan zuba ruwa ba sai na shirya abin da zai kwantar miki da hankali.

2. Wane irin tsiro ne bado?

Bado tsiron ruwa ne. Yana fita a tabkuna da fadamu da gefen gulabe, inda ruwa yake kwance. Ba ya son ruwa mai gudu. Ba ya son ruwan gishiri.

Jikin bado kashi huɗu ne: saiwa, da kara, da ganye, da fure.

Saiwar tana cikin laka a ƙarƙashin ruwa. Ita ce rumbun tsiron, a cikinta yake ajiye abincinsa. Idan tabki ya ƙafe da rani, ganye ya bushe, saiwar ba ta mutuwa. Tana kwance cikin laka har ruwa ya dawo. Shi ya sa saiwar Kaka ta yi doguwar tafiya cikin mota ba ta lalace ba.

Karan dogo ne, mai taushi. Idan aka yanka shi, za a ga ƙananan ramuka a ciki. Ta nan iska take sauka daga ganye zuwa saiwa.

Ganyen faffaɗa ne, kamar faifai. Yana kwance bisa ruwa. Yawancin tsirrai suna shaƙar iska ta ƙarƙashin ganye. Shi bado ta saman ganye yake shaƙa, don ƙarƙashin yana cikin ruwa.

Furen yana da kyau da ƙamshi. Farin bado yana buɗewa da dare, ya rufe da hantsi. Akwai kuma mai shuɗin fure, wanda yake buɗewa da rana. Bayan ƴan kwanaki furen ya nutse. A ƙarƙashin ruwa yake zama ƙwallo mai cike da ƙananan ƴaƴa. Idan ƙwallon ya nuna sai ya fashe. Ƴaƴan su taso, su yi yawo bisa ruwa, sa'an nan su nutse cikin laka, su tsira a wani wuri.

Waɗannan ƴaƴa ake shanyawa, a daka, a dafa. Saiwar kuma ana dafa ta ko a gasa. Mutanen bakin tabkin Cadi da na bakin kogin Kwara a ƙasar Mali sun daɗe suna cin su.

3. Yadda ake dasa bado

Ga yadda Kaka da jikokinsa suka yi.

Na ɗaya, wuri. Bado yana son rana, aƙalla awa 6 kowace rana. A inuwa sai ya yi ganye ba fure. Sun zaɓi kusurwar gida inda ba itace.

Na biyu, mazubi. Ana iya gina ƙaramin kududdufi da siminti. Ana iya amfani da rabin tano ko babban baho. Zurfin santimetir 40 zuwa 60 ya isa. Kaka ɗan haya ne, ba ya iya haƙa rami a gidan mutane. Sai ya sayi rabin tano na roba, suka wanke shi sarai.

Na uku, ƙasa. Bado yana son ƙasa mai nauyi, mai laka. Rairayi ba ya riƙe shi. Ɗanyen taki kuma yana ruɓar da ruwa. Sun samo tsohon kwano mai faɗi. Sun sa busasshiyar kashin shanu kaɗan a gindi, suka cika da laka.

Na huɗu, dashe. Sun wanke saiwar da kyau. Sun binne ta sama-sama, suka bar kanta a waje, wato inda tsiro zai fito. Idan aka rufe kan, saiwar tana iya ruɓewa. Sa'an nan suka shimfiɗa tsakuwa bisa lakar, don kada ta dama ruwa.

Na biyar, ruwa. Gidansu ba nisa da babban tabkin Abijan, wanda ake kira Ebiriye. Yaron ya ɗauki bokiti zai ɗebo can. Kaka ya hana shi. Tun da aka buɗe mashigin Biridi a shekarar 1950, ruwan teku yana shiga wannan tabki. Saboda haka yana da gishiri, ga kuma dauɗar birni. Ruwan sama ya fi. Idan na famfo ne, sai a bar shi ya kwana biyu, maganin da ke ciki ya fita.

Na shida, saukar da kwano. Da farko sun ɗora kwanon bisa tubali biyu cikin tano, ruwa ya rufe shi da kamar santimetir 15. Da ganye ya fara tasowa, kara ya yi tsawo, sai suka cire tubali ɗaya. Daga baya suka cire na biyun.

Bayan wannan sai kulawa. A ƙara ruwa idan ya ragu. A tsinke ganyen da ya yi rawaya. Kada a bar ganye ya rufe ruwan duka. A watan Yuni ana ruwa da yawa a Abijan. Idan tano ya cika, sai a rage.

4. Hattara da abubuwa huɗu

Maganar maƙwabciyar Kaka gaskiya ce. Ruwan da ke kwance yana da haɗari.

Sauro. Macen sauro tana yin ƙwai bisa ruwa. Ƙwan ya zama tsutsa. Cikin kwana 7 zuwa 10, a lokacin zafi, tsutsar ta zama sauro. Sauro ne yake kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda yake kashe yara ƙanana da yawa a Afirka. Maganin wannan shi ne kifi. Ƙananan kifaye suna cin tsutsar sauro. Kaka ya saka guda shida cikin tano. Ya ba yarinyar aiki: kowace Asabar ta ɗebi ruwan cikin farin kofi ta duba. Idan ta ga tsutsa tana wutsil-wutsil, a zubar da ruwan a sake wani. Wanda ba zai iya wannan kulawa ba, kada ya ajiye ruwa a gida. Kuma ko da kifi, a riƙa kwana cikin gidan sauro.

Faɗawa ruwa. Ƙaramin yaro yana iya halaka cikin ruwa kaɗan, ko da na bokiti ne. Kaka ya sa maƙeri ya yi masa marfi na ragar ƙarfe mai ƙarfi. Rana tana shiga, yaro ba ya shiga. Ba a buɗe shi sai babba yana tsaye.

Tsargiya. A wasu tabkuna akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini. Suna maƙalewa a jikin tsirran ruwa. Don haka ake wanke saiwa kafin a dasa. Idan an ga katantanwa, a cire ta. Ruwan bado ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne.

Baƙin tsirrai. Ba kowane tsiron ruwa ne bado ba. Akwai kainuwa. Ita ba ta kama ƙasa, yawo take bisa ruwa. Shi ya sa Hausawa suke cewa kainuwa dashen Allah. Akwai kuma wata ciyawa mai fure ruwan shuni, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Saboda kyaun furenta mutane suka kai ta ƙasashe da yawa, suka sa a lambu. Daga lambu ta tsere zuwa koguna. A shekarun 1980 ta mamaye tabkin Ebiriye. Ta tare hanyar jiragen ruwa, ta hana masunta jefa taru. Ta shiga kogin Kwara ma. Don haka, tsiron da aka cire daga kududdufi a shanya shi ya bushe. Kada a jefa shi cikin kwata ko kogi.

5. Bado a wasu ƙasashe

Mutanen Masar na dā sun girmama bado. Sun zana shi a bangon gine-ginensu, sun kuma yi gurasa da ƴaƴansa. A kogin Amazon, a Amurka ta Kudu, akwai wani irin bado wanda faɗin ganyensa yake wuce metir 2. A Faransa kuma an yi wani mai zane, Claude Monet. A shekarar 1893 ya fara gyara kududdufin bado a lambunsa, a ƙauyen Giverny. Ya yi zanen badonsa wajen sau 250 kafin ya rasu a 1926. Har yau mutane suna zuwa kallon wannan lambu.

6. Furen farko

Kwana goma bayan dashe, ƙaramin ganye ya leƙo. Yaran suka yi ta murna. Wata ɗaya ya wuce, ba fure. Yaron ya ce:

— Kaka, badonka rago ne.

— Yi haƙuri, abokina. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan wata biyu da ƴan kwanaki, wani dare bayan sallar lisha, yarinyar ta haska fitila cikin tano. Sai ta ƙwala kira:

— Kaka! Kaka! Ya buɗe!

Mutanen gida suka fito. Ga fure fari fat, tsakiyarsa rawaya, yana tsaye bisa ruwa. Maƙwabciyar ta zo da ɗanta a goye. Ta taɓa ragar ƙarfen, ta ji ta da ƙarfi. Ta duba kifayen suna yawo. Ta ce:

— Baba, ka cika alkawari. Idan ya yi ƴaƴa, a ɗanɗana mini.

Kaka ya yi dariya. Ya zauna bisa tabarma, jikokinsa suka kewaye shi. Ya shiga ba su labarin tabkin ƙauyensu.

Abin riƙewa

Bado tsiron ruwa ne mai kyau da amfani. Yana son rana, da laka, da ruwa mai daɗi wanda yake kwance. Mai dasa shi a gida dole ya sa kifi saboda sauro, ya sa marfi saboda yara.

Kalmomi

bado: le nénuphar
kainuwa: la laitue d'eau
ciyawa mai fure ruwan shuni: la jacinthe d'eau
saiwa: la racine
laka: la vase
tsakuwa: le gravier
kududdufi: la petite mare
tsibiri: l'île
tsutsar sauro: la larve de moustique
katantanwa: l'escargot
tsargiya: la bilharziose

Tambayoyi

1. A wace unguwa Kaka yake zaune? Daga ina ya fito?
2. Me ya sa Kaka yake son jikokinsa su san bado?
3. Ku faɗi kashi huɗu na jikin bado.
4. Me yake faruwa da saiwar bado idan tabki ya ƙafe?
5. Don me Kaka ya hana a ɗebo ruwan tabkin Ebiriye?
6. Mene ne amfanin kifi cikin kududdufi?
7. Mene ne bambancin bado da kainuwa?
8. Maƙwabciyar Kaka ta yi daidai da ta yi magana? Don me?

Aiki

a) Ku zana bado cikin littafinku. Ku rubuta sunan kowane kashi da Hausa da Faransanci.

b) Ku cika wuraren da aka bari:
Farin bado yana buɗewa da ............
Bado yana son rana aƙalla awa ............
Tsutsar sauro tana zama sauro cikin kwana ............

c) Ku zagaya gidanku. Ku nemi gwangwani, ko tsohuwar taya, ko kasko da ruwa ya kwanta a ciki. Ku zubar da ruwan, ku kife mazubin. Gobe ku gaya wa malam guda nawa kuka samu.

d) Ku tambayi kakanninku ko sun taɓa cin bado. Ku rubuta abin da suka faɗa cikin layi biyar.