Keke da Turbar Karkara: Nazari a Kan Hanyoyin da Ke Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Wanda ya tashi daga Katsina a mota ya nufi kudu, zai ratsa Kurfi kafin ya isa Dutsin-Ma. Tsakanin garuruwan nan biyu bai kai kilomita 30 ba, watau tafiyar da mota kan cinye kafin fasinja ya gama gaisawa da na kusa da shi. Amma wannan kwalta ba ita kaɗai ce hanya ba. Dama da hagunta akwai wasu ƙananan hanyoyi da suka saƙa ƙauyuka da gonaki da kasuwanni, waɗanda ba sa cikin taswira, kuma ba abin hawan da ya san su kamar keke. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin waɗannan hanyoyi ta fuskar harshe da al'ada, ta kwatanta su da takwarorinsu na ƙasar Faransa, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa ya kamata ɗalibin Hausa ya damu da su tun ba su ɓace ba.

Sunayen Keke da Sunayen Hanya

Masana harshe da dama suna ganin daga Yarbanci Bahaushe ya aro kalmar keke. Ban da ita akwai basukur, wadda ta fito daga Ingilishi, da laulawa, da kuma dokin ƙarfe, sunan da ya fi kowanne nuna yadda Bahaushe ya fahimci abin da farko. Shi ya sa har yau wurin zaman mai tuƙi sirdi ne, kuma hawa ake yi, a yi sukuwa, a goya wani a baya. Sauran sassan kuwa, irin su birki da feda da taya da kariya, da sunayensu na Turanci suka zo, harshe ya lanƙwasa su. A ƙauyukan Katsina, inda "fa" kan koma "hwa", mai faci ma sai a ji an ce da shi mai hwaci. Daga baya kalmar ta yi rassa, aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu.

Inda harshen ya fi wadata shi ne wajen sunayen hanya. Gwadabe babbar hanya ce ta fatake da ayari. Turba ita ce 'yar siririyar hanya wadda ƙafa ta fitar, ba wanda ya zana ta. Burtali kuwa hanyar dabbobi ce da ke ratsa tsakanin gonaki, galibi an shinge ta da aguwa ko bini-da-zugu don kada shanu su faɗa shuka. Labi shi ne hanyar da makiyaya ke bi da garke zuwa makiyaya ko mashaya. Bature zai iya tattara waɗannan duka a kalma guda, amma manomin Birci ko na Wurma ba zai taɓa rikita su ba, domin kowace da hukuncinta: wanda ya nome turba ya ɓata wa maƙwabta, wanda ya nome burtali kuwa ya tsokano rigimar da sai ta kai gaban hakimi.

Abin da Faransawa Suka Yi

Faransa na cikin ƙasashen da aka fara yayata yawon buɗe ido a kan keke. Wani mutumin garin Santetiyan, Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, shi ya raɗa wa abin suna a ƙarshen ƙarni na 19. Da gwamnati ta ba ma'aikata hutun mako 2 da albashi a 1936, sai talakawan birni suka bazama ƙauye a kan kekuna. Bayan motoci sun cika tituna, sai hukumomi suka koma ga hanyoyin da aka daina amfani da su, watau tsofaffin layukan dogo da gefen magudanan ruwa, suka gyara su, suka hana mota shiga. A 1997 aka buɗe irin wannan hanya tsakanin Jibri da Kuluni a lardin Burgundi. Wadda ta fi shahara ita ce ta bakin kogin Luwar, mai tsawon kimanin kilomita 900, wadda ke bi ta gonakin inabi da tsofaffin fadoji har bakin teku.

Abin lura a nan shi ne, hanyoyin gefen magudanan nan asalinsu na dawaki ne masu jan kwalekwalen kaya da igiya. Ashe ke nan a can ma keke gadon hanyar dabba ya ci, kamar yadda ya ci gadon burtali a ƙasar Katsina. Bambancin kawai shi ne, su sun auna tasu, sun kafa mata alamu, sun sa ta cikin doka. Tamu kuwa tana cikin kawunan dattawa ne kurum.

Daga Dutsin-Ma Zuwa Kurfi

Dutsin-Ma gari ne na Yandakan Katsina, Kurfi kuwa na Maraɗin Katsina. Labarin baka ya ce sunan Dutsin-Ma ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a dutsen da ke garin. Ƙasar tana da duwatsu jefi-jefi da fadamu, ga madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, kudu da gari. Mai keke da ya bar kwalta ya bi turba zai ga abin da fasinjan mota ba ya gani: kuka da ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gonaki, da gawo mai saɓa wa sauran itatuwa, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, da kuma bedi a bakin kowane ƙauye, itacen da Bakano ke kira darbejiya.

Lokacin tafiyar ma da iliminsa. Da damina rafuka kan cika su yanke hanya, laka ta riƙe taya. Da bazara rana ba ta barin mutum ya wuce hantsi a kan sirdi. Mafi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ƙasa ta bushe, sai dai hazo da sanyin asuba. Abokan gaba biyu ne: rairayi, wanda kan tilasta wa mutum sauka ya tura, da tsidau, ƙayar da ke kwance a ƙasa tana jiran taya. Saboda haka ba a fita sai da famfo da kayan faci.

Ranar Laraba, da kasuwar Dutsin-Ma ke ci, ita ce ranar da turbobin ke cika. A nan ake ganin iyakar abin da keke ke iya ɗauka: buhun gero a kan kariya, kaji a rataye a kai, wani lokaci har akuya a ɗaure cikin kwando. Akwai kuma ladubban da suka taso tare da wannan tafiya. Yaro ba ya wuce majalisar dattawa ko ƙofar mai gari yana bisa keke, sai ya sauka ya gaisar. Idan aka haɗu da garke a burtali, mai keke ne ke raɓewa, domin hanyar tasu ce. Wanda ƙishirwa ta kama kuma zai iya tsayawa a ƙofar kowane gida ya yi sallama, a fito masa da ruwa ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba. Babur bai san waɗannan ba, don kafin a amsa sallamarsa ya yi nisa.

Abin da Ke Cin Hanyoyin

Abu na farko shi ne yawan jama'a da ƙarancin gona. Kowace shekara garma kan ɗan ƙara kunya ɗaya a cikin burtali, har a wayi gari hanyar da garke ke bi ta koma wadda jaki ma sai ya matse. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma dokar da ba a bi ta da awo da alamu ba, ba ta hana kowa noma. Toshewar burtali na cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin manoma da makiyaya.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Yankin yana maƙwabtaka da Safana da Batsari, inda dajin Rugu yake, kuma hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Shirun da Bafaranshe ke biyan kuɗi ya je nema a karkara, a nan ya zama abin tsoro. Turbar da aka daina bi kuwa, damina biyu ta ishe ta ta koma ciyawa, sunanta ma ya bi ta.

Sai dai janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci suka sake samun ciniki. Ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai. Aikin da ke jiransu ba mai tsada ba ne. Ɗalibi ya zaɓi gunduma guda, kamar Karofi ko Shema ko Rawayau, ya fara neman izinin mai gari da shawararsa game da inda ake iya zuwa a lokacin, ya sami ɗan gari ya raka shi. Sa'an nan ya bi kowace turba da kowane burtali, ya rubuta sunanta da dalilin sunan, da inda ta fara da inda ta ƙare, da rijiya ko itacen da ake kwatance da shi, da faɗinta a da bisa ga abin da dattawa suka shaida, da faɗin da ya auna da ƙafarsa a ranar.