Idan Tankar Mai Ta Faɗi A Garinku

Wani matashi ɗan acaɓa da ke zaune a wani gari na bakin titin Kano zuwa Haɗeja ya aiko min da tambaya. Ya ce: "Assalamu alaikum, Malam. Tankokin mai suna ratsa garinmu dare da rana. Duk ranar da aka ji labarin gobarar tanka, sai gardama ta kaure a majalisarmu. Wannan ya ce laifin gwamnati ne, wancan ya ce kwaɗayin talaka ne, wani kuma ya ce kwana ne ya ƙare. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, na taɓa ganin an kwashi mai an tafi lafiya lau. To mene ne ke kawo wutar? In kuma tanka ta faɗi a ƙofar gidanmu, me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tambaya tun abin bai same ku ba. Na shafe shekaru ina aikin kashe gobara, kuma abin da aikin ya koya min shi ne faɗuwar tanka daban, mutuwar jama'a daban. Tanka tana faɗuwa, sau da yawa direba da yaron motarsa su fito da ƙafafunsu. Daga nan akan samu tazara, wani lokaci mintuna kaɗan, wani lokaci fiye da awa guda, kafin wuta ta tashi. Abin da mutanen gari suka yi a cikin wannan tazara shi ke nuna ko mota kawai za a rasa ko kuwa sai an haƙa kabari ɗaya wa mutum ɗari.

Dubi abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, a daren 15 ga Oktoba, 2024. Tanka ta taso daga Kano za ta Nguru, ta ƙwace wa direba ta kife, mai ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai. Fiye da mutum 150 suka rasu, wasu nan take, wasu a gadon asibiti. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake yi a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda aka rasa fiye da mutum 80. A can rahotanni sun nuna janareta aka tayar don a juye man zuwa wata tanka. 'Yan'uwanmu na Yamai ma sun ɗanɗana wannan baƙin ciki a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin sama, inda fiye da mutum 50 suka mutu. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. A dukan wuraren nan uku, yawancin mamatan ba a cikin motar suke ba. Daga gida suka taso suka zo.

Abin da ke cin wuta

Yawancin mutane suna zaton ruwan fetur ɗin da ke kwance a ƙasa shi ne abin tsoro, don haka mutum ya ce ai shi a gefe yake tsaye, bai taka ba. Gaskiyar ita ce tururin da ke tashi daga man shi ke kamawa da wuta, kuma ido ba ya ganinsa. Fetur yana fitar da wannan tururi ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, saboda haka sanyin dare ko na hunturu ba ya hana komai. A nan ya bambanta da man gas na manyan motoci, wanda sai ya ɗau zafi sosai kafin ya yi tururin da zai kama.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi gangara, ya shiga lambatu, ya cika ƙarƙashin kwalbati, ya ratsa ƙarƙashin ƙofar shago. Da dare, lokacin da iska ta kwanta, ya fi taruwa wuri ɗaya. Idan ya gauraya da iska, kashi 2 cikin 100 kacal ya isa ya kama wuta. Da ya sami tartsatsi a can nesa, wutar sai ta biyo sawunsa da gudu ta komo inda man yake, cikin ƙiftawar ido.

A nan amsar tambayarka take. Waɗanda ka ga sun kwasa sun tafi lafiya, tururin yana kewaye da su tun daga ƙafa har ƙugu, tartsatsi ne kawai bai samu ba a ranar. Kuma tartsatsi ba shi da wuyar samu: filogin babur lokacin da aka buga shi, salansa mai zafi, bokitin ƙarfe da aka ja a kan kwalta, janareta, taba sigari, murhun mai shayi, makunnin fitila, har da ɗan lantarkin da ke taruwa a jikin jarkar roba idan ana tsiyaya mai da sauri. Ka tara mutum ɗari uku a wuri, kowa da babur ɗinsa da kwanonsa, ka gaya min wa zai iya tsare duk waɗannan.

Akwai wani dare da ba na mantawa. An kira mu wani ƙauye inda tanka ta kwanta a gefen hanya. Tun kafin mu iso warin mai ya cika mana mota. Na iske wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, yana riƙe da robar wanki, rigarsa sharkaf da fetur har ƙirji, yana tangaɗi. Na kama hannunsa na ce ya gudu, sai ya tsaya yana kallona kamar bai san Hausa ba. Tururin ya riga ya bugar da shi, domin shaƙarsa yana kawo jiri da nauyin jiki, har mutum ya kasa gudu a lokacin da gudu ya zama dole. Na ɗaga kai na bi lambatun da kallo, sai na hango wata baiwar Allah tana suyar ƙosai a ƙasan gangara, kamar taku ɗari daga wurin. Da gudu wani abokin aikina ya je ya kife wa murhun yashi. Allah ya tsare a wannan dare, amma na san da ƙyar muka sha.

Abin yi a mintunan farko

Na farko, ka yi nisa, ka kuma san inda za ka nufa. Ka fuskanci inda iska ke busowa ka tafi can, ka hau tudu, ka guji gangara da lambatu. Ƙa'idar da masu aikin ceto ke bi ita ce a janye mutane aƙalla mita 300 idan mai ya zuba da yawa, idan kuma wuta ta kama jikin tankar, a ja baya mita 800 ta kowane ɓangare. Mita 300 kusan tsawon filin ƙwallo uku ne. Muddin kana jin warin mai, ba ka yi nisan da ya isa ba.

Na biyu, kada ka tayar da babur ɗinka a kusa. Wannan naka ne musamman, kai da abokan sana'arka. Tura shi da hannu har ka fita daga warin, in bai turu ba ka bar shi. In da rai da rabo.

Na uku, a kashe duk wata wuta da ke kewayen wurin: murhun mai shayi, tukubar mai tsire, kaskon mai ƙosai, garwashin gidajen da ke bakin hanya. Janaretan da ke can nesa a kashe shi, wanda kuma ke cikin warin mai kada a taɓa makunninsa, a bar wurin kawai. Mata da yara da tsofaffi a fitar da su ta bayan gari.

Na huɗu, a tare hanya daga nesa ta ɓangarori biyu, da duwatsu ko rassan itace, don kada wata mota ta kutso cikin tururin.

Na biyar, a kira taimako bayan an yi nisa. A Najeriya lambar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112. A Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Ka faɗi sunan gari, da alamar wurin, da cewa fetur ne ke zuba. Ina roƙonka da Allah, kada wayarka ta zama mai shelar "banza ta faɗi". Hoto ɗaya da aka tura a WhatsApp yana tara jama'ar unguwa uku kafin motar kashe gobara ta baro tasharta.

Na shida, kada a watsa wa man ruwa. Fetur yana hawa kan ruwa ne, ruwan ya ɗauke shi ya kai shi inda bai kai ba. Mu da kumfa ta musamman muke rufe shi. Juye mai daga tankar da ta faɗi kuma aikin ƙwararru ne masu kayan da ba sa tartsatsi.

Idan wani ya ƙone

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya ruga, gudu yana ƙara hura ta. Ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Bayan an kashe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin jiki ya kumbura. Tufafin da ya manne da fata, musamman yadi mai roba wanda ke narkewa, a bar shi likita ya cire. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi.

Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko makilin, ko manja, ko ƙullu, ko baƙin mai, ko toka. Na san da kyakkyawar niyya iyayenmu ke yin haka, amma waɗannan suna riƙe zafi a cikin nama, su shigar da ƙwayoyin cuta, su kuma wahalar da ma'aikatan jinya wajen wanke ciwon. Wanda ya ƙone a fuska, ko gashin hancinsa ya babbake, ko muryarsa ta dishe, shi za a fara kaiwa asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin maƙogwaro kan kumbura daga baya ya toshe numfashi. Ku kuma sani cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Gardamar majalisa

Abokanka kowa yana da tasa gaskiyar. Mai cewa talauci ne bai yi ƙarya ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a lokacin da abin Majiya ya faru. Magidancin da bai ɗora tukunya ba, ya ga jarka ɗaya ta kai kuɗin abincin mako, ba zan zage shi ba. Zan dai tuna masa cewa garin neman ƙiba akan samo rama, kuma marayun da zai bari sun fi buƙatarsa a kan jarkar.

Mai ɗora laifi a kan hukuma shi ma yana da hujja. Ƙasar nan tana da bututan mai da aka shimfiɗa don kai mai manyan rumbuna irin na Hotoro a Kano, da Gusau, da Jos, da Maiduguri. Fasa bututu da rashin gyara sun sa yawancinsu sun daina aiki, matatar Kaduna ma ta daɗe a tsaye. Shi ya sa man da Arewa ke sha yake hawa bayan mota daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita dubu ko fiye, kan hanyoyi masu ramuka, a hannun direban da barci ya ci ƙarfinsa. Tanka kuwa nauyinta a sama yake, ruwan cikinta yana kai-komo, kauce wa rami ɗaya da gudu ya isa ya kayar da ita. Bayan abin Dikko hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta hana loda wa tankoki masu lita 60,000 mai daga 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau. Saura gyaran hanya, da binciken birki da murfin tankoki tun a wurin lodi, da tashar kashe gobara mai mota da kumfa a kowace ƙaramar hukuma da babbar hanya ta ratsa. Waɗannan ku riƙa tambayar ɗan majalisarku da shugaban ƙaramar hukumarku, tun ba ranar ta'aziyya ba.

Mai cewa kwana ne ya ƙare, mun yi imani da ƙaddara, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya tare da ɗaukar sababi, kare rai kuma wajibi ne.

Sai dai gyaran hanya zai ɗauki shekaru, tanka kuwa ko yau da dare tana iya faɗuwa. Saboda haka shawarata gare ka ita ce ka ɗauki wannan magana ka kai wa mai unguwa da limamin garinku. A zauna da 'yan sintiri da 'yan agaji da shugabannin 'yan acaɓa, a raba aiki tun yanzu: wa zai tare hanya ta gabas, wa zai tare ta yamma, wa zai yi shela da lasifikar masallaci cewa kowa ya fita ta bayan gari, wa zai zagaya ya kashe murhu. Liman ya faɗa a huɗubar Juma'a, malaman makarantar boko da na allo su faɗa wa yara. A cikin dare, muryar dattijon da yaro ya sani ta fi jiniyar motarmu tasiri, kuma ita ce ke wurin kafin mu iso.

Gemun maƙwabtanku na Majiya ya riga ya kama da wuta, ƙanena. Ku shafa wa naku ruwa tun yau. Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya da cikin gida.