KWANA UKU A ALƘAHIRA: DARASI A KAN CI, SHA DA YAWON BUƊE IDO



Wani ɗan uwa ya turo mini saƙo cikin makon nan yana cewa: "Malam, zan raka mahaifiyata ganin likita a Alƙahira, kuma bayan mun gama akwai kwana uku kafin jirginmu. Me zan ci, ina zan je, kuma shin fita yawon kallo ba ɓata lokaci ba ne ga Musulmi?" Na ga tambayar ta wuce shi kaɗai, domin 'yan uwanmu da yawa suna ratsa garin nan, wasu don asibiti, wasu don saro kaya, wasu don kai yara karatu. Da yake a can na yi shekarun karatuna, bari in amsa a fili kowa ya amfana.

HUKUNCIN FITA KALLO

Asalin tafiya don hutawa da buɗe ido halal ne. Niyya da abin da aka aikata a cikinta su ke ɗaga ta ko su jefar da ita. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana da Suratur Rum. Saboda haka wanda ya fita ya ga, ya yi tunani, ya dawo da zuciya mai laushi, ya samu lada a kan abin da wani ya yi ya tashi da hotuna kawai.

Sharaɗi na farko kuwa tun daga gida yake farawa. Kada ka ci bashi don yawon shaƙatawa, kada ka bar iyali babu cefane, babu kuɗin makarantar yara, kai kana can kana ɗora hoto a gaban dala. Ciyar da iyali wajibi ne, yawo mubahi ne, kuma ba a tsallake wajibi a kama mubahi.

SALLARKA A KWANA UKUN

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, matafiyin da tafiyarsa ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, yana yin ƙasaru: Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. To ka ga mai kwana uku yana nan a matafiyinsa. Amma kai ɗan uwa mai tambaya, ka lissafa da kwanakin asibiti. Idan tun saukarka ka san jimillar zamanka za ta kai huɗu, cikawa za ka yi tun ranar farko. Idan kuma mai ƙasaru ya bi limamin gari, sai ya cika tare da shi.

A Alƙahira babu uzurin rasa jam'i. Masallaci a kowane lungu, wani ma a ƙasan benen da kake kwana. Shawarata ita ce ka tsara yawonka a kan lokutan salla: ka ce Azahar a Azhar, La'asar a masallacin Sultan Hasan. Idan ka yi haka sallar ce za ta riƙa ja maka hanya, ba za ka wayi gari kana rama uku a ɗakin otal ba.

ABIN DA ZA KA CI

Abincin talakan Masar ya fi kusa da namu fiye da yadda kake zato, kuma shi ya fi araha da aminci.

Da safe akwai ful, wato wake manya da ake dafawa a hankali cikin wata doguwar tukunya har su yi lugub, a zuba mai da lemun tsami da gishiri, a ci da gurasarsu da suke kira aish baladi. Ku lura da sunan: aish a Larabci rayuwa ke nan, haka suka ɗauki gurasa. Akwai ta'amiyya, ita kam ƙosai ce, sai dai da wancan waken ake yi kuma ana niƙa ganye a ciki, shi ya sa cikinta kore ne.

Da rana ka nemi koshari. Shinkafa ce da makaroni da adas, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa a kai, ga ruwan tafarnuwa da yaji a gefe. Babu nama a ciki, yana riƙe ciki, kuma da shi ɗalibai da yawa muka yi karatu. Idan kewar gida ta kama ka, ka ce a ba ka mulukiyya: miyar lalo ce, wadda wasu ke kira ayoyo, da tafarnuwa. Mai ɗan hali kuma ya gwada tattabarar da ake cusa wa shinkafa ko alkama a gasa.

Akwai abin da ba zai yi maka ba, wannan dole ne. Suna da wani kifi da ake jiƙawa da gishiri har ya yi wari, fasikh suke kiransa. Ni ban taɓa iya kusantarsa ba. To a nan ne ladabin yake. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba. Idan yana so ya ci, idan ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa naman damo bai ci ba, Khalid bin Walid (RA) ya tambaye shi ko haramun ne, ya nuna masa ba haramun ba ne, sai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba. Khalid ya ja ya ci a gabansa. Don haka rashin sabo daban, haramci daban. Kada ka yamutsa fuska a gaban mai masaukinka, kada kuma ka fito intanet kana zagin abincin mutane.

Matsala ta biyu ita ce tebur ɗin otal da ake jera abinci kala-kala a ce ɗebi da kanka. Nan ne za ka ga bawan Allah ya tula faranti kamar gobe ba za a ci ba, ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, sauran a kwashe a zubar. Wai ai na biya. Ka biya kuɗin abin da za ka ci, ba ka sayi izinin almubazzaranci ba. Hadisin Tirmizi ya koya mana a raba ciki uku: abinci, abin sha, da numfashi. Ko ta fuskar lafiya, wanda ya cika tumbi da rana a zafin Masar barci zai yi, yawon ya tashi, La'asar ma sai Allah.

ABIN DA ZA KA SHA

Ruwan rake da ake matsewa a gabanka, asir asab a bakinsu, shi ne sarkin abin shan titi. Karkade zoɓo ne, ana shansa da zafi ko da sanyi. Tamar hindi tsamiya ce. Ga shayi da na'ana'a a kowace kwana. Ruwan sha kuwa ka sayi na roba wanda ba a buɗe ba, musamman ga dattijuwa mai jinya, domin cikin baƙo bai saba da ruwan garin ba.

Kada ka ce ƙasar Musulmi ce ka saki jiki. Manyan otal-otal da yawa suna sayar da giya, wani lokaci ma tana cikin ɗan firjin ɗakinka. Ka duba kwalba kafin ka buɗe, ko ka ce su kwashe. Sannan jiragen ruwan da ke yawo da dare a kogin Nilu da sunan cin abincin dare, da yawansu akwai giya da rawar mata a cikin shirin. Ka tambaya kafin ka biya. Malamai sun kafa hujja da hadisi a kan hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da kai ba ka sha. Idan kogin kake son gani, ka hau ƙaramin jirgin filafilai da suke kira faluka kafin Magariba, kai da iyalinka, ka ga faɗuwar rana a kan ruwa, ka yi tasbihi.

INA ZA KA JE

Rana ta farko ka ba tsohon gari. Ka fara da masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970 aka buɗe shi da salla a 972, zamanin Faɗimiyyawa. Fiye da shekara dubu ke nan ana karatu a wurin. Daga cikin ɓangarorin da aka keɓe wa ɗalibai baƙi a da, akwai na mutanen Barno. Tsallaken titi ga kasuwar Khan Khalili da titin Mu'izz mai cike da tsofaffin masallatai da makarantu. A kasuwar nan ciniki ake yi sosai; farashin farko na baƙo ne, ka taya cikin fara'a, kada ka rantse, kada ka kushe kayan mutum don ya rage maka.

Rana ta biyu ka je masallacin Amru bin As a Fusɗaɗ, masallaci na farko da aka gina a Masar, wajen shekara ta 21 bayan Hijira. Ginin da za ka gani an sabunta shi sau da yawa, amma wurin shi ne. Daga nan sai masallacin Ibn Tulun da aka kammala a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye da ita ta waje. Sai ganuwar Salahuddin Al-Ayyubi a kan tudu, wadda aka fara a 1176, inda za ka hango garin gaba ɗaya. A ƙasanta akwai masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14. Ka tsaya a tsakar gidansa ka duba: an gina shi da makarantu huɗu, ɗaya ga kowace mazhaba, Malikiyya, Shafi'iyya, Hanafiyya da Hanbaliyya, duk a gida ɗaya, alƙibla ɗaya. Mu da muke raba masallaci a kan ƙabalu da sadalu, akwai abin da ginin nan yake gaya mana.

Garin nan ba baƙo ba ne ga zaurukanmu. Shehu Khalil mai Mukhtasar ɗan Masar ne. Jalalaini da ake fassara mana duk azumi, malamai biyu na Alƙahira suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi. Shi Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan Hijira, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan ƙasarmu, ciki har da na Katsina da na Agadas. Imamu Shafi'i a nan ya rasu a 204 bayan Hijira, kabarinsa yana maƙabartar Ƙarafa. Idan ka ziyarta, ka yi sallama, ka yi masa addu'a, ka tuna lahira, buƙatarka kuma ka kai ta ga Allah.

Rana ta uku ka fita Giza da sassafe kafin rana ta buɗe. Babbar dalar ta haura shekara 4,500, tsawonta na asali kimanin mita 146. A 2021 an mayar da gawarwakin sarakunan Masar na da su 22 zuwa gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, ana iya ganinsu. Suratu Yunus ta ba da labarin cewa an tsirar da jikin Fir'aunan Annabi Musa (AS) don ya zama aya ga na baya. Amma kada ka nuna wata gawa ka rantse cewa ita ce, domin Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana tarihi kuma sun yi saɓani. Abin da ya kamace ka shi ne halin da za ka shiga da shi. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ratsa Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Malamai sun yi bayani a kan iyakar wuraren da wannan hani ya shafa, amma darasinsa a fili yake: gaban kaburburan masu girman kai wurin tsoron Allah ne. Mutumin da ya tara dubban ma'aikata don kabarinsa, yau ga shi a akwatin gilashi, yara 'yan makaranta suna leƙa shi.

Wata 'yar nasiha ta duniya: a shekarata ta farko wani mai raƙumi a wajen dala ya ce in hau kyauta. Na hau. Da na ce zan sauka sai ya ce sauka ita ce da kuɗi, ga ni a sama, raƙumi ya ƙi durƙusawa. Tun daga ranar ban ƙara hawa komai ba sai mun yanke farashi, har da tasi.

HOTO DA DAWOWA

Kafin ka ɗora hoton farantinka, ka tambayi kanka don wa. A cikin masu kallo akwai wanda bai ɗora tukunya ba tun jiya, akwai mai binka bashi. Kada ka ɗauki matan mutane ko masu salla ba da izini ba. Kuma ka tuna wadda ka rako: idan Hajiya ba za ta iya hawa matakala ba, rage wuraren, ka zauna da ita a inuwar masallaci ka sayo mata ruwan rake. Wallahi wannan zaman ya fi maka dala.

Sunna ta nuna cewa idan matafiyi ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ka sanar da su lokacin isowarka, ka riƙo tsaraba ko kaɗan ce, ka fara da masallaci ka yi raka'a biyu idan ya sawwaƙa.

Allah Ya ba mahaifiyarka lafiya, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Wanda yake da tambaya a kan ƙasaru ko haɗa salloli ya ajiye, in sha Allahu darasi na gaba a kansu zai kasance.

Wallahu a'alam.