Tambaya da Amsa: Wa zai ɗauki nauyin kare tafki?

TAMBAYA

Ina zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma Allah ya hore mini ɗan gida a bakin wani tafki. Mu masu gidajen bakin ruwa muna da ƙungiya, kowa yana ba da abin da ya sawwaƙa duk shekara don yaƙi da wata baƙuwar ciyawa da ake kira milfoyil. Yanzu kuɗin ba ya isa, masu biya ma ba su kai rabi ba. Shi ne aka kawo takarda wai mu sa hannu a kafa hukumar tafki, wadda za ta riƙa karɓar kuɗin tare da harajin gidajenmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ruwan nan na kowa da kowa ne, kuma baƙi ne suke kwaso ciyawar a jikin jiragensu. Don me za a ɗora mana nauyin? In sa hannu ko in ƙi?

Mai karatu daga Wiskonsin

AMSA

Shawarata ita ce ka sa hannu, sannan ka riƙa halartar taro, domin sa hannun ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Ƙorafinka yana kan hanya. Tsarin mulkin Wiskonsin ya mai da ruwayen da jirgi ke iya bi amanar jama'a, ba ku da ikon hana kowa shiga. Gaskiya ne kuma milfoyil a jikin jirage da tirelolinsu take yawo daga tafki zuwa tafki. Sai dai ka duba wanda asarar ke faɗa wa. Baƙo in ya tarar ruwa ya cushe, gobe sai ya ja jirginsa zuwa wani, a jihar da ke da tafkuna wajen 15,000. Kai gidanka ba ya tashi. Wani bincike da Horsch da Lewis suka wallafa a 2009 kan tafkunan arewacin jihar ya gano cewa darajar filayen bakin ruwa tana faɗuwa da kimanin kashi 13 cikin ɗari bayan ciyawar ta shiga. Filin dala 150,000 ke nan zai iya rasa 19,500.

Abin da ya karya ƙungiyarku ba baƙon abu ba ne, kuma ban ga laifin waɗanda suka gaji ba. Karo-karo na ganin dama yana da amfani ga aikin da ke da ranar gamawa. Milfoyil kuwa ba a gama ta. Ɗan guntun da farfelar jirgi ta tsinke yana iya yin saiwa ya zama sabon daji a ƙarƙashin ruwa. A shekarar da ta rufe fuskar tafki kowa yakan firgita ya biya. In aka yi magani ruwa ya washe, sai a ga kamar an huta, kuɗi ya janye, ita kuma ta dawo. Wanda ya san kachala a fadamun Haɗeja da Nguru ya san wannan wahalar: gari ya fito aikin gayya ya buɗe hanyar ruwa, kafin a ankara ta sake toshewa. Aikin da ke dawowa kowace shekara sai da kuɗin da ke shigowa kowace shekara, ko mutane suna cikin tsoro ko ba sa ciki.

Abin da dokar 1974, wato babi na 33 na dokokin jihar, ta zo gyarawa ke nan. Idan kashi 51 cikin ɗari na masu filaye, ko masu kashi 51 na ƙasar, suka sa hannu, majalisar gunduma tana iya kafa hukumar tafki, kuma akwai irinta sama da 200 a jihar. Ba a sakar mata mara ta yi yadda ta ga dama ba. Harajin gudanar da ayyukanta ba ya wuce dala biyu da rabi a kan kowace dala 1,000 ta darajar dukiya, ma'ana gidan dala 300,000 iyakarsa 750 a shekara. Kasafin kuma ku ne kuke amincewa da shi a babban taron shekara, kuna iya rage shi ko ku gyara. Sai dai ka lura da abu ɗaya da ya shafi irinku: jefa ƙuri'a a taron sai ɗan ƙasar Amurka mai shekara 18 zuwa sama. Idan ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, ka je duk da haka, taron a buɗe yake, ka ji, ka yi magana da maƙwabta.

Game da baƙi, suna biyan wani abu, ko da yake a ganina bai kai ba. Tallafin da ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar ke bayarwa yana fitowa ne daga kason harajin man fetur da ake lasafta jiragen ruwa sun sha, kuma yana iya ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari na aikin yaƙi da baƙin halittu. Ragowar ku za ku kawo, har awoyin aikin sa-kai ana lissafa su a ciki. Ƙungiyar da ba ta san abin da za ta tara baɗi ba, da wuya ta iya ɗaukar alkawarin aikin shekara uku, sai kuɗin da baƙin suka biya ya tafi wani tafkin. Wasu jihohin sun fi matsawa. Minesota tana raba wa gundumominta dala miliyan 10 duk shekara don rigakafi, Main kuma ta wajabta wa masu jiragen inji sayen tambari na musamman, har da waɗanda suka zo daga wata jiha. Hukuma mai rajista ta fi tsirarun maƙwabta bakin neman irin wannan.

Inda nake so ka tsaya da ƙarfi shi ne yadda za a kashe kuɗin. Mutane sun fi son abin da ido ke gani: a zuba magani, a kawo injin yanka. Maganin yana bukatar izinin ma'aikata, yana iya taɓa ciyayin asali waɗanda su ne ke hana baƙuwar wuri, kuma sau da yawa sauƙin na ɗan lokaci ne. Ka nemi a fara ware kuɗin mai duba jirage a mashigar ruwa, ƙarƙashin shirin tsabtace jirage da jihar ta fara a 2004, domin milfoyil ba ita ce ta ƙarshe ba. A tafkin Mendota na birnin Madison, a 2009 aka gano wani mitsitsin ƙwaro mai jela da ƙaya. Ya cinye ƙananan halittun da ke tace ruwa, hasken ruwan ya ragu da kusan mita guda, kuma masanan Jami'ar Wiskonsin suka ƙiyasta a 2016 cewa maido da shi zai ci tsakanin dala miliyan 86 da 163. Albashin matashin da ke tsaye a mashiga ranakun Asabar da Lahadi bai kai komai ba kusa da wannan.

Kafin ka miƙa takardar, ka nemi taswirar iyakar hukumar. Ka ga ko an sa gidajen da ke baya waɗanda ke amfani da ruwan, ka kuma tambaya ko bisa darajar gida za a raba nauyin ko kowane fili kuɗi ɗaya. Kuɗi ɗaya yakan danne tsohuwa mai ɗan ƙaramin gida, ya sauƙaƙa wa mai katafaren gini. Ka tambaya ko za a buɗe asusun ajiya na manyan kayan aiki, wanda doka ta yarda kuɗinsa ya tsallaka shekara. Kada kuma ku rushe tsohuwar ƙungiyar. Ita ce za ta ci gaba da karɓar gudummawa da tara masu nutso su tuge ciyawa da hannu a inda ba ta yi yawa ba.

Allah ya sa albarka a gidan, ya ba ku haɗin kai.