Turke da Rumfa: Nazari a Kan Masaukin Doki na Wucin Gadi a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan doki, amma galibi abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne kayan hawa, watau sirdi da linzami da likkafa da jalala, ko kuwa kayan yaƙi irin su lifidi da sulke. Ba safai akan waiwayi inda dokin yake kwana ba, balle inda yake kwana idan ya bar gida. Alhali kuwa dokin sarauta da na yaƙi da na fatauci rabin rayuwarsa a kan hanya take. A wannan ɗan rubutu za a yi ƙoƙarin duba yadda Bahaushe yake saukar da dokinsa a baƙon wuri. Abin da ake son nunawa shi ne, a wurin Bahaushe barga ba gini ba ce. Turke ne tushenta, rumfa kuwa ƙari ce, shi ya sa tashi da ita daga wani wuri zuwa wani bai taɓa yi masa wuya ba.

Turke

Turke wani guntun itace ne mai kauri da ake kafawa a ƙasa, a bar kansa da ɗan tudu don kada igiya ta zame. An fi son itace mai tauri wanda gara ba ta saurin ci, kamar ƙirya ko marke. Abin lura a nan shi ne, a al'ada ba a wuya ake ɗaure doki a turke ba, a ƙafar gaba ake sa masa igiya. Ta haka yana iya sunkuyawa ya ci abinci, ya kwanta, ya yi birgima, ya tashi, ba tare da ya shaƙe kansa ba. Idan ana so ya ɗan wala ya yi kiwo, sai a yi masa talala, watau a ɗaure shi da doguwar igiya. Idan kuwa an sauka inda ba itacen da za a kafa, sai a yi masa dabaibayi, a haɗa ƙafafunsa biyu da gajeriyar igiya yadda ba zai iya nisa ba.

Waɗannan kalmomi uku duk sun fita daga barga sun shiga maganar yau da kullum. Akan ce an turke mutum da tambaya idan an hana shi hanyar zillewa. Akan ce bashi ya dabaibaye wane. Wanda hukuma ta hana shi fita gari amma ba ta kulle shi a kurkuku ba, an yi masa ɗaurin talala ke nan. Sa ko rago da aka tsare wuri ɗaya ana ciyar da shi don ya yi ƙiba, shi ne turkakke. A ganina wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Harshe ya ari hikimominsa daga itacen da igiyar, bai ari kome daga bango ko rufin barga ba, domin itacen da igiyar su ne abin da kowa ya sani game da tsaron doki.

Wani masanin tarihi, Robin Law, a littafinsa kan tarihin doki a Afirka ta Yamma wanda ya fito a 1980, ya nuna cewa dawakin wannan yanki galibi a ɗaure ake riƙonsu ana kawo musu abinci, ba sakinsu ake yi a makiyaya ba, don haka riƙon doki yana cin mutane da dukiya. Wannan ya dace da abin da muke gani har yanzu. Doki a turke ba ya iya yi wa kansa kome. Sai an yanko masa ciyawa, an kawo harawa ko ingirici, an jiƙa dusa, an ba shi dawa da kanwa, an ɗebo ruwa, an kwashe kashi, an sake zuba yashi a ƙarƙashinsa. Doki ɗaya yakan sha lita 20 zuwa 40 na ruwa a yini, har ya zarce haka a lokacin bazara. Ashe ke nan idan za a tashi da barga, abin da ake ɗauka da gaske shi ne ɗan barga da igiyarsa da komin dusa. Sauran duk ana samunsu a daji.

Yadda ake kafa rumfar

Idan zaman zai wuce kwana ɗaya ko biyu, kuma babu inuwar itace kamar tsamiya ko gawo ko ɗorawa, sai a kafa rumfa. Ana haƙa ramu huɗu ko shida, a kafa dirkoki masu baki biyu, a gitta sanduna a kansu, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, sa'an nan a shimfiɗa zana ko karan dawa a sama. Ana ɗaga rufin sosai yadda ko dokin ya yi tsalle ba zai bugi kansa ba. Ba a kewaye ta duka. Gefe ɗaya ko biyu kawai ake jingina wa zana, kuma wannan gefe ba da ka ake zaɓensa ba. A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa, saboda haka can ake tarewa. Sai dai wannan yana barin yamma a buɗe ga ranar la'asar, don haka mai lura yakan zubo rufin ya ɗan sauko ta wannan gefe.

A lokacin hutun da ya wuce na zauna da wani dattijo wanda ya shekara fiye da arba'in yana aikin barga a gidan wani hakimi. Na tambaye shi, na ce, “Baba, me kuke fara dubawa idan kun isa masauki?” Sai ya yi dariya ya ce, “Yaro, ƙasa muke dubawa, ba sama ba.” Abin da yake nufi shi ne, kafin a yi zancen rufi sai an sami tudu mai yashi inda fitsari zai tsotse, nesa da fadama, nesa da gidan tururuwa da inda shanu suka kwana suka bar kaska. Bayan wannan sai tazara. Tun da yake yawancin dawakin hawa maza ne waɗanda ba a dandaƙe ba, idan turaku suka yi kusa, cizo da harbi ba sa ƙarewa. Ma'aunin da ya ba ni shi ne, a bar fili yadda idan dawaki biyu suka ja igiyoyinsu iyaka, ƙafar bayan wannan ba za ta kai wancan ba. Goɗiya kuwa can nesa ake kai ta, a bayan iska.

Akwai kuma hayaƙi. Da magariba akan hura wuta da busasshen kashin doki ko ɗanyen ganye a gefen rumfa don korar sauro da ƙananan ƙwari. Binciken likitocin dabbobi ya tabbatar da hikimar wannan, domin muguwar cutar nan da ake kira cutar dawaki ta Afirka wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne suke yaɗa ta, waɗanda suka fi cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, kuma a wuri mai laima suke hayayyafa. Da cutar ta ɓulla a ƙasar Tailan a 2020, ɗaya daga cikin matakan da aka ɗauka shi ne rufe barga da raga mai ƙananan idanu. Amma fa a faɗi gaskiya, wuta kusa da zana da harawa haɗari ne babba, kuma doki a ɗaure ba shi da hanyar tsira. Wannan shi ne babban aibin rumfar gargajiya, shi ya sa ɗan barga yake kwana kusa da dokinsa da wuƙa a hannu don yanke igiya.

Sansani da rangadi

Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya fara al'adar dawakin zage, watau dawakin da ake ja ba kowa a kansu. Ya kuma ce Sarki Kutumbi (1623–1648) yakan fita yaƙi ko Salla da irin waɗannan dawaki guda 100. Mai karatu yakan wuce wannan adadi yana sha'awar ƙasaitar sarki. Amma idan aka tsaya aka yi lissafi, dawaki 100 na nufin turaku 100 a kowane zango, da ruwan da bai gaza lita 2,000 ba kowace rana, ban da dawakin da jarumawa suke kai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fi fita yaƙi bayan kaka, lokacin da harawa da kara suke ko'ina a gonaki, rafuka sun janye, ƙwari kuma sun ragu. Karan da za a yi rumfa da shi da abincin da dokin zai ci duk gona ɗaya take bayarwa. A fada kuwa akwai masu sarauta da wannan nauyi yake wuyansu, musamman Shamaki, wanda shi ne mai kula da bargar sarki.

Sansani shi ne masaukin mayaƙa, kuma duk da cewa na wucin gadi ne, wani lokaci yakan daɗe har ya zama gari. Sunayen Sansanne Mango a arewacin Togo da Sansane Hausa a yammacin Nijar suna ɗauke da wannan kalma har yau.

Da yaƙi ya ƙare bayan zuwan Turawa a 1903, rumfar doki ba ta mutu ba, sai ta koma hidimar rangadi. Sarki ko hakimi ko Joji idan zai zaga ƙasa, akan aika wa dagatai tun da wuri a gyara masauki. A nan ya kamata mu faɗi abin da mawaƙan fada ba su faɗa. Talakawan ƙauye su ne masu saran dirkoki, su kawo zanan da suka saƙa don gyaran gidajensu, su tara harawar da suka ajiye wa awakinsu, sau da yawa ba da ko anini ba. Idan aka ce rumfar doki ba ta da tsada, to, ga mai dokin ne ba ta da tsada.

Hawan daba da hawan Salla

Babban gwajin da wannan fasaha ta fuskanta a ƙarni na 20 shi ne hawan daba na Kaduna: wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a watan Fabrairu na 1956, da na bikin mulkin kan Jihar Arewa a 1959, da na bikin FESTAC a 1977. Dubban dawaki ne suka taru daga lardunan Arewa a garin da ba shi da bargar da za ta ɗauke su, kuma yana yankin da ake fargabar ƙudan tsando mai kawo sammore. Ba banza ba ne cibiyar binciken wannan cuta take a Kaduna. Abin da ya sa taron ya yiwu shi ne kowace tawaga ta zo da 'yan bargarta waɗanda suka san yadda ake mayar da fili barga cikin yini guda.

Haka abin yake, a ƙaramin ma'auni, duk Salla. Hakimai sukan shigo birni da dawakinsu don hawan Salla da hawan Daushe da hawan Nasarawa a Kano, ko hawan Bariki a Katsina da Zariya, sai ka ga ƙofar gida da lungu da kango duk sun cika da turaku na 'yan kwanaki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ina fata masu adanawar ba za su tsaya a kan rawani da kwalliyar sirdi ba, domin rabin aikin a bayan gida ake yinsa.

Abin da ya sauya

A ƙasashen Turai da Amurka ma ana amfani da barga mai tashi, sai dai tasu ta ƙarfe ce. Akan haɗa bangwayen bututun ƙarfe da katako a ƙarƙashin babban tanti a wurin gasa, kowane doki da ɗakinsa mai kimanin ƙafa 10 tsawo da ƙafa 10 faɗi, ƙasa kaɗan da ƙafa 12 da aka saba yi wa ɗaki na dindindin. A Ingila akwai wata rumfar katako mai bango uku da ake ɗorawa a kan dogayen ƙarafa, a ja ta da tarakta daga wannan gefen makiyaya zuwa wancan idan ƙasa ta caɓe. Bambancin a fili yake: su dokin suke saki su kewaye shi da bango, mu kuwa dokin muke ɗaurewa mu bar fili a buɗe. Tasu ta fi ba dokin sakewa da kariya daga ɗan'uwansa, tamu ta fi sauƙin ɗauka da shan iska.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda muke yi yanzu, wanda ba namu ba ne, ba kuma nasu ba. Gamba ta yi ƙaranci a kewayen birane, zana ta yi tsada, don haka sai a ɗaura tampol ko a jera kwano a kan gajerun sanduna. Kwano da tampol suna tara zafi su sauke shi a gadon bayan doki, alhali zana tana tare rana ta bar iska ta ratsa. Igiyar roba ta maye gurbin ta rama, ita kuwa tana ƙuna, tana yanka fatar ƙafa idan dokin ya fizga. Daɓen siminti ya maye gurbin yashi, ga shi dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, sai santsi da ciwon gaɓoɓi. Dattijon nan ya nuna mini wani akawali da aka aro don hawan Salla, aka ɗaure shi kwana huɗu a ƙarƙashin tampol a kan siminti. Igiya ta zagaye masa ƙafar dama da gyambo, har ya ƙi taka ta. Ya ce da an zuba masa buhu goma na yashi, an naɗe igiyar da tsumma, da ranar hawan Daushe yana cikin sahu.