Tasirin Tataccen Ɓawon Albasa a Kan Maiƙon Jini da Nauyin Jiki

1.0 Gabatarwa

Busasshen ɓawon albasa da ake zubarwa ya fi tsokarta yawan sinadarin kwasetin. Wannan maƙala ta duba abin da gwaji a kan mutane ya nuna game da tasirin tataccen ɓawon a kan maiƙon jini da nauyin jiki.

2.0 Yadda Yake Aiki

Kwasetin yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A ɗakin gwaji an ga yana rage samuwar ƙwayoyin kitse. Sai dai ba ya narkewa sosai a ruwa, shi ya sa masana kan tace shi da sinadarin etanol, su auna adadinsa, sannan su ɗura shi a kafso.

3.0 Sakamakon Gwaji

Wani bincike da aka wallafa a Koriya ta Kudu a 2011 ya bai wa maza masu shan taba miligiram 100 na kwasetin kullum har mako 10. Kolestarol mai cutarwa, wato LDL, ya ragu, mai amfani kuwa, wato HDL, ya ƙaru. Wani binciken na ƙasar a 2016 ya gwada wannan adadi a kan masu ƙiba tsawon mako 12, aka ga nauyinsu da kitsen jikinsu sun ɗan ragu. A Jamus kuwa, binciken da aka wallafa a 2015 ya yi amfani da miligiram 162 na mako 6. Hawan jini ya ɗan sauka ga masu fama da shi, amma maiƙon jini bai sauya ba.

4.0 Kammalawa

Sakamakon bai zo daidai ba, kuma inda aka ga tasiri, kaɗan ne. Don haka tataccen ɓawo ba zai maye gurbin maganin likita da daidaita abinci ba. Haka kuma ruwan ɓawon da aka tafasa a gida ba shi ne abin da aka gwada ba, domin ba a auna adadin sinadarin da ke cikinsa, kuma ɓawon albasar da ta jima a ajiye kan yi baƙar fumfuna. Tun da ana noman albasa da yawa a Aliero ta Jihar Kabi da Galmi ta Nijar, ya dace jami'o'in yankin su auna kwasetin da ke cikin ɓawon irin nasu kafin a yi maganar amfani da shi.